GAYA DA AJINGI: KUƊIN DA BA YA DAWOWA BA YA GINA GARI

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ɗan uwa, kai da ka fito daga masallacin Juma'a ka sayi wannan jarida, kafin ka naɗe ta ka cusa a aljihu, ɗaga kai ka dubi hanyar da za ka bi zuwa gida. Dubi kwatar da ta toshe tun bara. Dubi kududdufin da yake cin bangon mutane duk damina. Dubi rumfunan kasuwa na kara da tsohon kwano, da famfon da aka buɗe da kiɗa da tafi, yau ya koma turken awaki. Sannan ka tambayi kanka, shin wannan gari ba a taɓa turo masa kuɗi ba ne? Wallahi ana turowa, wata bayan wata, shekara bayan shekara. To, ina suke shiga?

Gaya ba garin jiya ba ce. Ruwayar da ta shahara a bakin masu tarihi ita ce, maƙera ne daga Gaya suka tafi neman tama har suka yada zango a gindin Dala, su ne Abagayawa, kuma daga nan Kano ta samo tushe. Garin da ya tura maƙera suka kafa birni, yau samarinsa yake turawa wannan birni su yi dako a Singa da Kwari, su tura kurar ruwa, su kwana a bakin shaguna. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gaya mutum sama da dubu 200, Ajingi sama da dubu 170, kuma daga lokacin zuwa yau an haifi wasu dubbai, cikinsu har da kai mai karatu. A daminar 2022 ambaliya ta rusa ɗaruruwan gidaje a ƙasar Ajingi, har da asarar rayuka. Aka zo jaje, aka ɗauki hotuna, aka watse. Ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba.

YADDA AKE ƘONA DUKIYAR AL'UMMA

Tsarin da mahukunta suka saba da shi guda ɗaya ne, sunansa kwangila. A ware kuɗi, a ba ɗan kwangila, ya fitar da kason masu kaso, ya yi abin da ya sawwaƙa da ragowar, a yanka zare, shi ke nan. Daga ranar da kuɗin nan suka fita daga baitulmali sun mutu, ko kwabo ba zai dawo ba. In ginin ya tsage babu kuɗin gyara, sai a jira sabon kasafi, a sake ba da sabuwar kwangila a kan wannan ginin dai. Ka ga kenan lalacewar aiki ma riba ce ga wasu.

Kada a ce muna magana a iska, ga misalai. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka ɗauko aikin titi mai tsawon kilomita 5 a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma 44 ta jihar Kano. Aka fasa gidaje da rumfuna don a faɗaɗa hanya, aka kankare ƙasa. Gwamnati ta canza, da yawa daga cikin titunan suka shekara da shekaru a yashe, ƙura da rani, taɓo da damina.

A 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, aka ce ai ci gaba ya zo. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, a watan Yuli kuma aka dawo da Gaya a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya, Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Shekara biyar samari suna zage-zage da gaba da juna a kan darajar sanda. A duk tsawon wannan lokaci, wa ya ji an yi musu mai zafi irin wannan a kan magudanar ruwa?

A cikin birni kuwa abin ya fi ban takaici. Gwamnati ɗaya ta yanka filayen jama'a aka gina shaguna, wata ta zo a watan Yunin 2023 ta sa katafila ta rushe. Masu shagunan Filin Idi suka je Babbar Kotun Tarayya, ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Daga aljihun wa? Daga aljihunka, ɗan uwa. An biya kuɗi an sayi ɓaraguzai. Riƙe wannan adadi na biliyan 3, za mu dawo kansa.

MENENE ASUSUN JUYI?

Abin da muke kira a yi ba wani boyayyen ilmi ba ne. Mahaifiyarka da take zubin adashi ta san shi. Ɗan tireda ya san cewa ana cin riba ne, ba a taɓa uwar kuɗi. Kai da kake jan adaidaita sahu kana kai balas kullum, ka san da wannan balas ɗin mai mashin yake sayen wani ya ba wani yaro. Manomi komai yunwar bazara ba ya dafa irin shukarsa. Duk al'umma ta fahimci wannan, in ban da masu riƙe da dukiyarta.

Asusun juyi shi ne hukuma ta ware uwar kuɗi, ta keɓe su daga kuɗin kashewa na yau da kullum, a zuba su a ayyukan gyaran gari masu dawo da abin da aka kashe musu: rumfunan kasuwa, tashar mota, rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, banɗakunan kasuwa, ɗakunan ajiyar amfanin gona, mayanka, wuraren sana'a na maƙera da masu walda da kafintoci. Abin da ya dawo ba ya komawa aljihun hukuma a biya alawus da shi. Asusun yake komawa, a sake yin wani aikin. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Mu yi lissafi na misali, don abin ya zauna. A ɗauka an ware naira miliyan 240, an gina rumfa 120 a kan miliyan 2 kowace ɗaya. A sayar wa 'yan kasuwar da suke zaune a wurin a kan miliyan 2 da dubu 400, su riƙa biyan dubu 50 duk wata har wata 48. Kowane wata miliyan 6 za ta dawo asusu, a shekara miliyan 72. Ba sai an jira shekara huɗu ba. Kuɗin wata huɗu kawai sun isa a gina wasu rumfuna 12 a Kademi, na wata huɗu masu zuwa a kai Toranke, na gaba a haƙa rijiya a Balare ko Shagogo. Kafin zagayen farko ya ƙare miliyan 288 sun dawo, ɗan kasuwa ya mallaki rumfarsa, kuma sababbin ayyukan su ma sun fara zubo nasu. A tsarin kwangila kuwa, miliyan 240 ɗin nan sau ɗaya za su yi aiki, rumfunan a raba wa 'yan jam'iyya, su kuma su ba ka haya.

Yanzu dawo kan biliyan 3 ɗin Filin Idi. Raba ta da miliyan 240. Asusu 12 kenan irin wannan, da canji. Ƙananan hukumomi goma sha biyu!

BA BIDI'AR NASARA BA CE

Wani zai ce wannan ai tunanin Turawa ne. To, ya koma tarihi. Lokacin da aka ci ƙasar Iraƙi, wasu daga cikin mayaƙa sun nemi a raba musu gonakinta a matsayin ganima. Sayyidina Umar ya ƙi, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Ali da Mu'azu bin Jabal suna cikin waɗanda suka ba da shawarar kada a raba. Aka bar ƙasar a hannun masu nomanta, harajinta yana shiga baitulmali duk shekara, saboda waɗanda ba a haifa ba tukuna su ma suna da haƙƙi. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a, da gonar Khaibar da Sayyidina Umar ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, duk ƙa'idarsu ɗaya: a riƙe uwa, a ci 'ya'ya. Wannan shi ne hubusi, ko waƙafi. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka san ƙasar nan da ita, sun halatta a yi hubusin tsabar kuɗi don a riƙa ranta wa mabuƙata suna mayarwa. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta yi ƙarnoni da waƙafin kuɗi a biranenta. Jihar Kano ma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Sunan yana jikin allo, amma mutum nawa ne a Gaya ko Ajingi za su nuna maka rumfa ɗaya ta hubusi?

Su kuwa waɗanda ake cewa tunaninsu ne, sun ɗauki abin da muhimmanci. A 1987 Amurka ta kafa asusun juyi na tsaftace ruwa a jihohinta. Gwamnatin tarayya ta zuba, jiha ta ƙara kashi 20 cikin 100 a kai, a ranta wa garuruwa su gyara hanyoyin ƙazantar ruwa, su biya, a ranta wa wasu. Tarayyar Turai, a kasafinta na 2007 zuwa 2013, ta fito da shirin JESSICA, inda maimakon a ba birane kyautar kuɗin gyara, sai a zuba su a asusun da zai dawo da su. A ƙarƙashinsa birnin Landan ya kafa asusu na fam miliyan 100 a 2009, don sarrafa shara da rage ɓarnar wuta a gine-gine. Dubi abin mamaki: mai arziki yana tattalin uwar kuɗinsa, matalauci yana cinye tasa a zama ɗaya.

Sai dai nasu da kuɗin ruwa yake tafiya, mu kuwa ba za mu taɓa riba ba. Shin zai yiwu ba tare da ita ba? A birnin Lahor na Pakistan, a 2001, wani likita mai suna Amjad Saƙib ya kafa ƙungiyar Akhuwat da rance guda ɗaya na rufi dubu 10 ga wata mata da mijinta ya rasu. Babu ruwa ko na sisi. A masallatai suke raba rancen, a gaban jama'a, kuma ƙungiyar tana bayyana cewa sama da kashi 99 cikin 100 na abin da ta ranta yana dawowa. Har gwamnatin lardin Punjab ta zo ta ba su kuɗinta su juya mata. Talakawa ne irinmu, Musulmi irinmu.

ME YA KASHE NAMU?

A nan ne maganar za ta yi ɗaci, domin an sha gwadawa a ƙasar nan. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da tsarin juya kuɗin magani: a zuba wa asibiti magani, a sayar da sauƙi, a sake sarowa da kuɗin. Inda aka riƙe amana ya yi aiki, kuma jihar Kano tana da hukuma sukutum mai kula da wannan. Inda aka ci uwar kuɗin kuwa, kanta ta koma wayam, sai a rubuta maka takarda a nuna maka kemis na tsallaken titi. A 1989 gwamnatin Babangida ta kafa People's Bank, wai bankin talaka, rance ba jingina. A 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma. A 1992 aka kafa Bankin Raya Birane, musamman don kasuwanni da tashoshi da ruwan sha. Daga baya ya koma hannun 'yan kasuwa, har suna aka canza masa. Tambayi dattawan Gaya ko sun taɓa ganin ƙeyarsa.

Na kusa-kusa shi ne bashin manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sama da naira tiriliyan 1. Zuwa 2023, ko a lissafin bankin da kansa, abin da ya dawo bai wuce wajen rabin wanda lokacin biyansa ya yi ba, Asusun Lamuni na Duniya kuwa cewa ya yi kashi 24 ne kacal.

Ɓarayi biyu ne suka kashe waɗannan shirye-shirye. Na farko yana sama: mai cusa sunayen bogi, mai ba 'yan gidansa, mai mayar da rance ladan kamfen. Wannan kullum muna zaginsa, kuma ya cancanta. Na biyun fa? Na biyun yana zaune a majalisarmu ta shayi. Shi ne wanda ya karɓi taki da iri da injin ban ruwa, ya sayar a bakin ofis, ya ƙara aure ko ya sayi waya, da aka zo karɓar bashi ya ce, "Ai rabona ne na arzikin ƙasa, su wa suka kama?" Ɗan uwa, in kai ne, ka ji tsoron Allah. Satar gwamna ba ta halatta maka taka. Ba shi ka cuta ba, domin shi ko a jikinsa. Ƙaninka ka cuta, wanda yake bayanka a layi, aka zo kansa aka ce asusu ya ƙare.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Ya tabbata cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) gawar wani mai bashi, bai sallace shi ba sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Wannan bashin mutum ɗaya kenan. Ina ga wanda zai tashi ranar ƙiyama mutanen ƙaramar hukuma guda suna binsa? Ba zai yiwu mu cika sahun gaba a masallaci, mu kuma cika sahun gaba a jerin masu taurin bashi ba.

AMSA GA MASU INKARI

Na ɗaya zai ce, ƙarin dubu 400 ɗin nan da ka ɗora a kan rumfa ai riba ce ka canza mata suna. A'a. Asusun ne ya gina rumfar, ya mallake ta, ya ɗauki hasarar ta in ta rushe kafin a miƙa, sannan ya sayar a kan farashi sananne zuwa ajali sananne. Jumhurun malamai sun halatta wannan ciniki. Sharaɗin shi ne, in mutum ya makara ba a ƙara masa ko kwabo. Haka haya, halas ce. Inda kuma aka ba da tsabar kuɗi rance, abin da aka bayar shi za a karɓa.

Na biyu zai ce, tsadar kaya za ta cinye asusun. Wannan magana ce mai nauyi, domin a 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100, kuma miliyan 288 na bayan shekara huɗu ba za su sayi simintin da miliyan 240 suka saya a farko ba. Maganinsa uku ne. Kada kuɗi su kwana a banki, duk abin da ya shigo a mayar da shi bulo da kwano nan take. A bar wani kaso na gine-ginen a matsayin hubusi na dindindin, ana karɓar haya ana sabunta ta daidai da zamani. Sannan a yi rancen kaya da kaya: wanda ruwa ya ci gidansa a Ajingi a ranta masa buhun siminti 30 ya ɗaga harsashi, ya mayar da buhu 30 a hankali bayan kaka. Iyayenmu sun san rancen mudu da mudu. Duk da haka dole hukuma ta riƙa ƙara wa asusun wani abu duk shekara, kuma ko da ya rage daraja, kuɗin da suka dawo da rauni sun fi waɗanda ba su dawo ba sam.

Na uku zai ce, magudanar ruwa da kwalbati da cike kududdufi ai ba sa kawo kuɗi. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a sa wa kwata haraji ba. Makaranta da asibiti da magudana haƙƙi ne a wuyan hukuma, daga kasafi za ta yi su. Hujjarmu ita ce, in kasuwa da tasha da ruwan sayarwa suka ɗauki nauyin kansu, kasafin ya sami sararin yin waɗancan, kuma rarar da asusun ya samu a kan magudanar da ta kewaye kasuwar za ta fara sauka.

Na huɗu zai ce, talaka ba zai iya biya ba. Talakan da yake sayen jarkar ruwa a hannun 'yan garuwa kullum, yake biyan kuɗin rumfa da na tebur da na shara ga masu rasit iri-iri? Talaka yana biya tun tuni, abin da bai taɓa gani ba shi ne inda kuɗinsa suka tafi. Wanda kuwa ya gaza da gaske, miskini da maraya da gajiyayye, nasa zakka ce, kuma zakka ba ta shiga wannan asusu, domin mallaka ake ba masu ita, ba rance ba.

Na biyar zai ce, duk za a sace. In aka ba kura ajiyar nama, ƙwarai za a sace. Shi ya sa ba asusu kawai muke nema ba, da sharuɗɗansa muke nemansa.

ABIN DA ZA MU NEMA

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni suke riƙe da shi ba. Aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, kason da ake rabawa duk wata ya ƙaru ƙwarai, kai ne kake biyansa a gidan mai. Amma ko da kowane kwabo ya iso Gaya da Ajingi, in tsarin kashewa bai canza ba, wurin rabon kawai aka matso da shi kusa da gida. Saboda haka ga abin da ya kamata a tunkari shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da 'yan majalisa da shi:

Na ɗaya, a kafa asusun da doka, a raba shi da baitulmalin ƙaramar hukuma, a yanka masa kaso sananne daga kuɗin wata-wata da na shigar kasuwa da tasha. Kuɗin da 'yan majalisa suke sayen babura da kekunan ɗinki suna rabawa, waɗanda rabinsu a kasuwa suke kwana, su ma a zubo su nan. Attajiran yankin da ke Kano da Abuja da Legas a buɗe musu ƙofar hubusi.

Na biyu, amintattun da za su riƙe shi su fito daga 'yan kasuwa, masu sana'a, malamai, manoma da mata, kuma wa'adinsu kada ya zo daidai da na zaɓe. Kuɗi ba sa fita sai da sa hannun mutum uku.

Na uku, duk wata uku a liƙa lissafi da Hausa, boko da ajami, a bangon masallacin Juma'a da ƙofar kasuwa: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya karɓa, wa ya ƙi biya. Jerin masu taurin bashi ya fara da manya. Duk shekara a kawo mai binciken kuɗi daga waje.

Na huɗu, ba a karɓar kuɗi a hannu. Kowa ya biya ta banki ko na'urar POS, ya riƙe shaidarsa.

Na biyar, duk wanda aka tayar daga rumfarsa don gyara, shi ne farkon mai haƙƙi a sabuwar. Mun ga yadda ake korar mai tebur da sunan zamanantar da kasuwa, a gina shagon da ba zai iya kama ko ƙofarsa ba. Mai riƙe da muƙami da iyalansa ba su da rabo a zagayen farko.

Na shida, babu ɗan siyasar da yake da ikon yafe bashin asusu ranar kamfen. Ba kuɗin ubansa ba ne. Wanda masifa ta afka wa, gobara ko ambaliya ko rashin lafiya, a jinkirta masa kamar yadda shari'a ta yi umarni, amma a gaban amintattu, a rubuce.

Na bakwai, leburori da magina da masu walda da kafintoci su zama 'yan yankin, don kuɗin su zaga cikin gari kafin su koma asusu.

KAI FA?

Kada ka jira sai sun amsa, domin mai cin moriyar kwangila ba zai yi murna da asusun da ake liƙa lissafinsa a bango ba. Ku fara da kanku. Samari 40 a unguwa ɗaya, kowa ya zuba naira dubu 2 a wata, dubu 80 kenan, a shekara dubu 960. A sayi injin walda ko na markaɗe ko kurar ruwa, a ba ɗaya daga ciki ya biya a hankali, a saya wa na gaba. A sami littafi, a rubuta, a kafa shaidu, a karanta lissafi a bainar jama'a. Ranar da kuka shekara biyu kuna juya dubu ɗari tara ba tare da ta yi ciwon kai ba, kun sami bakin da za ku tsaya gaban shugaban ƙaramar hukuma ku ce a kawo miliyan ɗari biyu, ga littafinmu, ina naka? Wanda bai iya riƙon amanar akuya ba, ba shi da hujjar neman a ba shi garke.

Kuma idan masu neman ƙuri'a suka dawo da atamfa da taliya da 'yan dubu-dubu a ambulan, ku yi musu tambaya ɗaya tak: a cikin duk abin da kuka kashe a garin nan, nawa ne ya dawo, kuma yana ina? Kada ku yi zagi, kada ku yi jifa, kada ku yarda a ba ku ƙwaya da gora ku fasa taron wani. Ku tsaya a kan tambayar har sai an amsa.

Annabi Yusuf (AS) bai ceci Masar da rabon kayan jaje ba. Tanadi ya yi a shekarun yalwa, da lissafi da amana, har aka ƙetare shekarun fari da ragowar iri a rumbu. Damina tana tafe, kuma ruwan da ya ci gidaje a 2022 ba sai an aika masa goron gayyata ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya raba mu da cin haƙƙin na bayanmu, Ya kawo wa raunana mafita.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.